Magungunan gyaran ciki: wanne ke aiki, kuma da wane awo?

Baban_Walid_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni ga ma'aikatan lafiya da masu harkar maganin gargajiya da ke wannan zaure. Duk inda mutum ya bi a garin nan, daga tashar Kawo har Kasuwar Bacci, sai ya ji lasifika ana tallar maganin dattin ciki da basir da olsa da kumburin ciki, duk a gora ɗaya. A kemis kuma a miƙo maka kafso ɗan waje mai tsada a ce na gyaran hanji ne. A gida ga citta, ga hulba, ga kanwa, ga sanamaki. A cikin waɗannan wanne ke aiki da gaske, kuma ga wace matsala? Awo nake nema: cokali nawa, sau nawa, kwana nawa.

UmmuSudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri. Don Allah a haɗa mana da batun masu juna biyu da ƙananan yara.

Likita_Malali:
Wa alaikumus salam Baban Walid. Kafin a zo ga awo sai an rarraba ciwon tukuna, domin "ciwon ciki" jaka ce da muke zuba komai a cikinta. Akwai ƙwarnafi, zafin nan mai tasowa daga ƙahon zuci ya bi ƙirji har maƙogwaro, wani lokaci da ruwa mai tsami a baki. Akwai cizo ko raɗaɗi a ƙahon zucin kansa, wanda yunwa ko abinci ke tayarwa, shi jama'a ke kira olsa ko ba a yi gwaji ba. Akwai kumburi da iska da yawan gyatsa. Akwai taurin bayan gida, akwai kuma gudawa. Abin da ke sakin ciki ba zai tsayar da gudawa ba, abin da ke kwantar da murɗa kuma yana iya tayar da ƙwarnafi. Gorar da aka ce tana maganin duka biyar ɗin, ta ina za ta fara?

Sannan akwai alamomin da in an gan su ba a tsayawa jiƙe-jiƙe. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a ƙirji in an haɗiye, idanu su koma ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura dare da rana ba ya saɓewa har ƙafafu su tasa, ko mutum ya haura shekara 50 ciwon ya fara masa sabo. Waɗannan na asibiti ne, Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho ko asibitin sojoji na 44, in ta kama a tura mutum asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a zura na'ura a leƙa cikin da ido. Kumburin da ba ya saɓewa sau da yawa ruwa ne ya taru saboda hanta, kuma ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikinmu. Irin wannan mutumin jiƙo barkatai ƙara wa hantar nauyi yake yi.

Dan_Kachia:
Bari in fara da tamu ta gida. Cittar da ake nomawa a Kachia da Jaba da Kagarko iri biyu ce, tafin giwa mai faɗi da yatsun biri ƙanana masu duhu, kuma kowacce tana yi. Shawarata a sayi busasshiya tsagagga a daka da hannu. Tun bayan cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 kuɗinta ya tashi, garin da ake ƙullawa a leda kuwa ba ka san me aka cakuɗa masa ba. A karya a duba, in akwai hunhuna ko warin rima a bar ta. In ɗanya ce, a yanki kamar gaɓar babban yatsa, a kankare, a daddaka, a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe minti 10, a tace.

Famasis_UnguwarRimi:
Dan Kachia ya yi daidai, in ƙara awo. Cokalin shayi ɗaya a shafe na garin citta kusan giram 2 ne. Inda citta ta fi nuna aiki shi ne tashin zuciya da nauyin ciki bayan cin abinci. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato cokalin shayi biyu, har da wadda ke cikin kunu da zoɓo da yaji. Mai juna biyu da ke fama da laulayi giram 1 ya ishe ta, rabin cokalin shayi ke nan, a raba shi uku ko huɗu a yini. Mai ƙwarnafi ya lura, in ta yi yawa ko aka sha ta da kauri ciki ba komai, ita kanta tana tayar da shi. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma ya tsaya a ta cikin abinci kawai.

MaiShago_KasuwarBacci:
Likita, da girmamawa, ba duka masu sana'ar nan ne masu gora da lasifika ba. Ga taurin bayan gida babu kamar sanamaki, filasko ma ɗan'uwansa ne. Kuskuren mutane shi ne su cika hannu da ganye su tafasa shi har ruwan ya yi baƙi, sai murɗa ta kama su su ce maganin ne ba kyau. Yadda ake yi: busasshen ganye cokalin shayi ɗaya, a zuba masa ruwan zafi kofi ɗaya, a rufe minti 10, a tace, a sha da dare. A jefa 'yar citta ko shammar a ciki don rage murɗa. Da safe ciki zai wanku.

Famasis_UnguwarRimi:
Awon Mai Shago bai kauce ba, busasshen ganye giram 1 zuwa 2 ne iyakarsa. Sanamaki magani ne na gaske, daga shi ake yin ƙwayar senna da ke kemis, mai miligiram 7.5, ɗaya ko biyu lokacin kwanciya. Yana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya motsa, shi ya sa ake shan sa da dare. Wanda ya ji shiru bayan awa biyu ya ƙara wani kofin, shi ke kwana a bayi. Aikinsa tsikarar babban hanji ne ya matse, don haka kada a wuce mako ɗaya a jere. Yawan shan sa yana zubar da ruwan jiki da sinadarin fotashiyam, abin da ke kawo kasala da ciwon jijiyoyi, ga mai ciwon zuciya kuma haɗari ne. Fitsari yana iya yin ja-ja, wannan ba komai ba ne. Ba a ba ƙananan yara, mai juna biyu ba ta sha sai da izinin asibiti. Wanda cikinsa ke ciwo sosai, yana amai, ko tusa ba ta fita, kada ya kusance shi, domin hanji ne mai yiwuwa ya toshe.

Abu_Hanan:
To shi wankin ciki na wata-wata da ake cewa kowa ya riƙa yi don fitar da datti fa?

Likita_Malali:
Babu wani datti da ke manne a bangon hanjin mai lafiya yana jiran a wanke shi. Fatar cikin hanji tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, ƙasa da mako. Majina da kumfa da ruwan da mutum ke gani bayan ya sha maganin wanki, hanjin ne aka fusata ya zubo su. Sakayau ɗin da ake ji kuwa, ciki ne ya zama fanko. Mai fita bayan gida ba wahala, ko sau uku a yini ko sau uku a mako, ba ya buƙatar wanki.

MaiShago_KasuwarBacci:
A nan kam ban bi Likita ba. Mutumin da abincinsa burodi ne da taliya da farar shinkafa, ba ganye ba 'ya'yan itace, yana zaune a shago ko ofis tun safe, in ka ce masa cikinsa ƙalau yake ba zai yarda ba, domin shi ke jin nauyin.

Likita_Malali:
Ai ka faɗi ciwon da bakinka, Alhaji. Wannan abincinsa ne ke buƙatar gyara. In ka ba shi sanamaki ya koma kan taliyarsa, wata mai zuwa zai dawo.

Malama_Abinci_Badarawa:
Nan ne fannina. Abin da ke tura bayan gida shi ne faiba, wato dusa da ɓawo da zaren ganye da hanji ba ya narkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 a yini. Ba sai an sayi na gwangwani ba. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi tas ba, wake, zogale, rama, miyar kuka, kuɓewa, lalo, karkashi, gwanda, gwaiba, dabino, aya, duk suna da shi. Miyar yauƙi tana riƙe ruwa a cikin bayan gida ta tausasa shi. Tsamiya ma tana sakin ciki a hankali: a jiƙa kamar sili uku zuwa huɗu a kofin ruwan ɗumi awa ɗaya, a dama, a tace, a sha ba tare da an cika sukari ba.

Inda ake kuskure biyu ne. Na farko, mutum ya tashi rana ɗaya ya cika ciki da kwaɗon zogale da wake da kabeji, washegari ciki ya ɗaure kamar ganga, ya ce ganye bai karɓe shi ba. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku. Na biyu, a ƙara faiba ba a ƙara ruwa ba. A nemi lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, a watan Maris da Afrilu kuwa fiye da haka.

In ana son na kemis, akwai garin ispaghula, irin su Fybogel. Ƙunshi ɗaya giram 3.5 ne, a dama a cikakken kofin ruwa a shanye nan take kafin ya daskare, safe da yamma bayan abinci. Ba a shan sa a bushe, ba a sha dab da kwanciya, kuma sai bayan kwana biyu zuwa uku ake ganin aikinsa.

Nas_Barnawa:
A kuma duba magungunan da mutum ke sha. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu awo tana taurara bayan gida ta kuma mai da shi baƙi, amma ba mai danƙon kwalta ba. Tramadol da kodin suna ɗaure ciki sosai. Metformin na masu ciwon suga yana kawo iska da sakin ciki a farkon fara shi, ana rage hakan in an sha shi tare da abinci. Mai juna biyu kada ta daina ƙwayar ƙarin jini don kanta, ta faɗa a wurin awo, akwai lactulose, maganin ruwa mai tausasa bayan gida, da ake ba su, mililita 15 sau biyu a yini.

Hajiya_Rigasa:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ba wanda ya taɓo kanwa. Tun kaka da kakanni in ciki ya kumbura jar kanwa ake jiƙawa, a sha a yi gyatsa a ji daɗi. Ko ita ma an soke ta?

Nas_Barnawa:
Hajiya, sauƙin da ake ji gaskiya ne. Kanwa gishiri ce mai kashe tsami, in ta haɗu da asid ɗin tumbi sai iska ta taso a yi gyatsa, zafin ya lafa na ɗan lokaci. Matsalarta sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishirin miya, ga shi babu awo, domin wani dunƙulen ya fi wani ƙarfi, wani ma da yashi a ciki. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, duk ba tasu ba ce. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci biyu Davidson da Parry suka yi nazari a asibitin koyarwa na ABU kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin wankan jego. Don haka mai jego da ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, a ajiye kunun kanwa a kai ta asibiti a ranar.

Hajiya_Rigasa:
Allah ya kyauta. To waken fa? In ba kanwa ai sai a ƙarar da gas bai nuna ba.

Malama_Abinci_Badarawa:
A jiƙa shi, Hajiya. Awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a ɗora da sabon ruwa. Zai nuna da wuri, kuma wani kaso na sukarin da ke kawo iska zai bi ruwan ya tafi. Sukarin nan tumbi ba ya iya narkar da shi, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya su cinye shi su saki iska. Kanwa tana tausasa wake amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa. Wanda wake ke dama wa ciki ya fara da alale ko ƙosai da aka cire wa ɓawo, ko ludayi ɗaya na dafaffe, ya riƙa ƙarawa.

Sadiq_Mando:
Ni tambayata kan kafson furobayotik ne. Wasu sun ce kindirmo ya fi shi.

Famasis_UnguwarRimi:
Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, kuma kowane iri da aikinsa. Inda aka fi samun hujja shi ne rage gudawar da antibayotik ke jawowa, da iri biyu: Saccharomyces boulardii da Lactobacillus rhamnosus GG. Kafin ka biya kuɗi duba kwalin. Ya rubuta cikakken sunan irin, ya rubuta adadinsu har zuwa ranar lalacewa, ya faɗi yadda ake ajiya. Wanda aka ce a sa a firji, ka same shi a kan kanta cikin zafin Kaduna, ko a firjin da ke kwana ba wuta, mai yiwuwa gawa ka saya. Na bakteriya a ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da antibayotik. Shi boulardii yis ne, antibayotik ba ya kashe shi. Don kumburi kawai, a gwada iri ɗaya na mako 4, in ba canji a daina. Mai raunin garkuwar jiki sosai kada ya sha sai likitansa ya sani.

Bello_Ladduga:
Kan kindirmo a bambance. Kindirmo na asali sai an dafa madarar, ta huce, a zuba ɗan tsohon kindirmo a ciki, a rufe ta kwana. Dafuwar ce ke kashe cututtukan da ke bin ɗanyar madara, irin su tarin fuka na shanu da burusela. Nono kuwa an kaɗe man, an ƙara ruwa, wani lokaci da garin ƙwallon kuka don ya yi kauri. Garin kuka ba ya cutarwa, abin dubawa shi ne ruwan da aka ƙara da tsabtar ƙwarya da ludayi. Mai son na ciki ya nemi kindirmo wurin wadda ya san tana dafawa, kofi ɗaya a yini, ba sukari da yawa.

Likita_Malali:
Malam Bello ya tuna mini wani abu. Manya da yawa a cikinmu hanjinsu ba ya narkar da sukarin madara, Fulani sun fi sauran jama'a iya narkar da shi. Mutum ya sha shayi mai kauri da madarar gari da safe, kafin azahar ciki yana ƙugi da iska, sai ya tafi neman maganin dattin ciki. Gwajin kyauta ne: a bar madara gaba ɗaya mako 2, sannan a sha kofi ɗaya a gani. Yawancin masu wannan matsalar suna iya shan kindirmo ko yogot, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Dan_Lab_Kakuri:
Mu dawo kan olsa, don nan aka fi asarar kuɗi. Manyan sababbanta biyu ne. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ɗayan kuma magungunan ciwon jiki ne irin ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum, har a cikin haɗin da ake ƙullawa a leda. Yaji da yunwa suna tayar da zafin, amma ba su ne ke huda tumbi ba.

Gwajin da ya dace shi ne na bayan gida ko na numfashi. Na jini yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ko an warke zai iya ci gaba da nunawa. Kafin gwaji a bar omeprazole, maganin rage asid, mako 2, antibayotik kuma mako 4, in ba haka ba sakamako zai fito babu alhali akwai. In an same ta, magani na kwana 14 ne, mai rage asid da antibayotik aƙalla biyu, likita ne zai zaɓa. A shanye duka ko an ji sauƙi a rana ta biyar, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako 4 da gamawa.

MaiShago_KasuwarBacci:
Ba a musun gwaji. Amma habbatussauda da zuma fa, waɗanda hadisi ingantacce ya ambata? Ana shan man habbatussauda rabin cokalin shayi da zuma cokali ɗaya da safe, kuma masu olsa suna samun sauƙi.

Malam_HayinBanki:
Hadisin habbatussauda da na zuma sun inganta, babu mai ja. Haka nan umarnin neman magani ya inganta, kuma bai ware na asibiti ba. Akwai kuma wanda muka fi sakaci da shi, na raba ciki uku: kaso ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Mai ƙwarnafi ya fara da wannan.

Likita_Malali:
Allah ya ƙara sani Malam. A awon da Mai Shago ya faɗa, rabin cokalin shayi na man a yini, ba na hana babba, sai dai mai ciwon suga ya lissafa zuman, mai juna biyu kuma ta tsaya a 'yar wadda ake barbaɗawa a abinci. Abin da nake ja a kai shi ne a ajiye maganin kwana 14 a riƙe su su kaɗai. Zafi yana iya lafawa ƙwayar tana nan, ita kuma in ta daɗe tana jawo zubar jini, har da kansar tumbi ga wasu.

Ga mai ƙwarnafi: a bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo ba ya yi domin lanƙwasa ciki yake yi, a kwanta ta gefen hagu. Omeprazole miligiram 20 ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, da azumi kuma kafin sahur. Madara tana sanyaya zafin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Ruwan khal da ake tallatawa asid ne shi ma, mai olsa da mai ƙwarnafi su bar shi, yana kuma cin haƙora.

Maman_Ilham:
Na'a-na'a fa Likita? An ce tana kwantar da ciki.

Famasis_UnguwarRimi:
Tana kwantar da murɗa da iska, musamman ga masu hanji mai saurin fushi, waɗanda gwaji ke nuna ba komai amma ciki yau gudawa gobe tauri. Wanda aka yi wa nazari shi ne man na'a-na'a a kafso mai rufi, mililita 0.2, ɗaya ko biyu sau uku a yini kafin abinci. A haɗiye shi ɗungurungum, in an tauna ko an fasa zai ƙona ƙirji, kuma kada a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ruwa na kashe asid, domin rufin zai narke tun a tumbi. Mai ƙwarnafi ya guje ta ko a shayi, tana sassauta bakin tumbi asid ya taso. Shi ma maganin kashe asid na ruwa, a ba da tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsa da ciprofloxacin, doxycycline ko ƙwayar ƙarin jini, don yana hana su shiga jiki. Hulba kuma cokalin shayi ɗaya a jiƙa ta kwana a kofin ruwa, yauƙinta yana tausasa bayan gida. Tana sauke suga, mai shan maganin suga ya riƙa aunawa, mai juna biyu kuma ta bar ta.

UmmuSudais:
Har yanzu ina jiran na yara. A unguwanni in yaro yana gudawa bagaruwa ake jiƙa masa, ko a ce haƙori ne a sayo flagyl.

Nas_Barnawa:
Yi haƙuri Ummu Sudais. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, bagaruwa kuwa ɗaure ciki kawai take yi, ba ta mayar da ruwan da ya zuba. Abu biyu ake bayarwa. Na farko ruwan gishiri da sukari na ORS. A karanta jikin ƙunshin, in na lita ɗaya ne a zuba shi duka a ledar fiya wata biyu masu santilita 50, kada a raba garin da ido. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi guda, da cokali a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. In babu ƙunshin, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Na biyu ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta riga ta tsaya, ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. A ci gaba da ba shi mama da abinci. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi zuma ko ɗigo. In akwai jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko ya ƙi sha, ko ya yi laƙwas, a ɗauke shi zuwa asibiti ko tsakar dare ne.

Abu_Hanan:
Wani ya yi mana bayanin lambar NAFDAC. Masu talla suna ɗaga gora su ce ga lamba, wato an tabbatar yana warkarwa ke nan?

Famasis_UnguwarRimi:
A'a. Yawancin magungunan gargajiya lambar wucin gadi ake ba su, wadda ke ƙarewa da harafin L, ta shekara biyu. Ma'anarta an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ana iya duba lambar a manhajar Greenbook ta hukumar, a ga ko sunan kayan ya dace da ita. Gorar da ba ta da jerin abin da aka haɗa, ba ranar lalacewa, ba adireshin mai yi, ba a san awonta ba balle a faɗa maka.

Baban_Walid_Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Saura basir, shi ne ya fi yawa a bakin masu lasifika, kuma kusan kowane namiji a garin nan an taɓa ce masa yana da shi.

Likita_Malali:
Basir a asibiti jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura, su yi tsiro ko ƙaiƙayi ko zubar jan jini bayan an gama bayan gida. Ciwon baya da kasala da raunin mazakuta da ake jingina masa ba aikinsa ba ne, kowanne a nemi sababinsa daban. Abin da ke taimaka masa shi ne abin da Malama ta lissafa, faiba da ruwa, sai barin yunƙuri, da barin zama da waya a bayi fiye da minti biyar, da zama a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a yini. Jini kuwa, ko sau ɗaya ne, a bari a duba da ido da yatsa kafin a sa masa suna, musamman in an haura shekara 40 ko yanayin bayan gida ya canja. Kansar hanji sau da yawa da jini take fara sallama, kuma mutane suna shafe watanni suna shan maganin basir a kanta.

MaiShago_KasuwarBacci:
Kan jini na yarda, mai zubar jini ba a riƙe shi a shago. Amma basir na ciki marar tsiro, wanda ke sa kumburi da ƙugi, Likita bai gamsar da ni cewa babu shi ba. Ko sunan ne ya bambanta?

Dan_Lab_Kakuri:
Mai yiwuwa sunan ne, Alhaji. Mai kumburi da ƙugi da gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kawo bayan gida a duba, a ƙaramin mazubi mai murfi, ya iso cikin awa ɗaya ba a haɗa shi da fitsari ba. Ana samun ƙwayoyin cuta irin giyadiya ko amiba, ko ƙwan tsutsa, kuma kowanne da maganinsa. In na farko bai nuna ba a maimaita har sau uku a ranaku daban-daban, don ba kullum suke fitowa ba.

Maman_Ilham:
Famasis, shi maganin tsutsa na wata uku-uku da ake sha gida duka, har da mai ciki?

Famasis_UnguwarRimi:
Albendazole miligiram 400 ƙwaya ɗaya ga babba da yaron da ya kai shekara 2, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma rabi. Wata shida-shida ya isa ga yawancin gidaje. Mai ciki ba ta sha a wata ukun farko, bayan nan ma a wurin awo za a ba ta.